Hadda, Karatu, Kati ko Tambayoyin Baya: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Mai Tara Kalmomin Turanci Don JAMB?

Duk wanda zai zauna jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, ko likita yake son zama ko lauya ko injiniya, ba shi da hanyar kauce wa Turanci. Sauran darussa ukun, kwas ɗin da ya nema ne ke zaɓa masa su. Turanci kuwa na kowa ne, kuma ya fi kowane darasi yawan tambayoyi: 60 daga cikin 180, sauran suna da 40 kowanne. Awa biyu ake bayarwa a gaban kwamfuta. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Ke nan babu lokacin da ɗalibi zai zauna yana sosa ƙeya yana ƙoƙarin tuno inda ya taɓa ganin wata kalma. Ko dai ya santa, ko jimlar da take ciki ta nuna masa ita nan take, ko ya yi canki-canka ya wuce.

Shi ya sa da an fara sayar da fom, tambaya ɗaya ce ke yawo a wuraren lesin da zaurukan WhatsApp: yaya zan yi in tara manyan kalmomi? Wasu su kama jerin kalmomi su yi ta hadda. Wani malamin ya ce a je a karanta jarida da littattafai, shi ke nan. Wasu su nutse cikin tambayoyin shekarun baya, wasu su yanka katin rubuta kalmomi don bita, wasu su dage da koyon saiwar kalma da ɗafa-goshinta. Kowace tana da amfani, sai dai ba a lokaci ɗaya ba, ba kuma ga ɗalibi iri ɗaya ba. Abu biyu ne ke raba gardama: watanni nawa suka rage, kuma wace irin tambaya za a tarar.

Irin tambayar ya kamata a fara dubawa. A tsarin da silabas ɗin hukumar ya nuna a 'yan shekarun nan, tambayoyi biyar na neman kalmar da ta fi kusa da wadda aka ja wa layi a ma'ana, biyar na neman kishiyarta, biyar na neman fassarar jimla, wadda galibi salon magana ne ko karin magana a cikinta, sannan goma na cike gurbi a cikin rubutu guda. Wannan ya kama 25 cikin 60, kuma duk sanin kalmomi ne kai tsaye. Sauran su ne auna fahimta, littafin labarin da hukumar ke zaɓa, nahawu da furuci, waɗanda su ma ba sa yiwuwa ga wanda kalmomi suka yi masa ƙaranci. Abin lura a nan: a cikin waɗannan 25 ɗin babu inda ake ajiye kalma ita kaɗai a ce kawo ma'anarta. Kullum tana cikin jimla, kuma jimlar ce ke yanke hukunci. Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowace hanya a kai.

Haddar jeri ita ta fi farin jini a wajenmu, dalili kuwa a fili yake. Ba ta cin kuɗi, ana ganin sakamakonta da wuri, kuma yawancinmu mun taso da horon hadda tun muna ƙanana. Yaro ya haddace kalmomi talatin da safe, da yamma ya karanto su tiryan-tiryan, hankalin iyaye ya kwanta. Matsalar sai ranar jarrabawa take fitowa. Ɗauki wannan misali na irin tambayar da ake yi: "The chairman's speech was rather pedestrian." Wanda ya haddace cewa pedestrian na nufin mai tafiya a ƙasa zai dubi zaɓi huɗun ya rasa inda zai sa hannu, domin a wannan jimlar ana nufin jawabin lami ne, ba shi da armashi. Haka sanction, wadda a wata jimlar amincewa ce, a wata kuma takunkumi. Jerin da ya ba ka ma'ana ɗaya tak ya ba ka rabin kaya ne, kuma mai shirya tambaya ɗaya rabin yake so.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Yawancin jerin da ke zagayawa a waya, masu taken "kalmomi dubu da dole ka sani", cike suke da kalmomin da ko Baturen Ingila sai ya buɗe ƙamus. Irin wannan jeri ya yi tashe ne saboda tsohuwar jarrabawar SAT ta Amurka, wadda ta shahara da tambayar baƙin kalmomi. To ita kanta hukumar College Board mai shirya ta, ta sauke wannan salon tun 2016, ta koma tambayar kalmomin da ɗalibi zai ci karo da su a jami'a, a cikin rubutu. Mu ne muka rage muna ɗauke da kayan da masu shi suka ajiye.

Ba wai jeri ba shi da rana ba. In za a yi hadda, a yi ta a kan jerin da aka gina da hujja. Wanda na fi amincewa da shi shi ne Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000 a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ƙasar New Zealand. Ta tattara rubuce-rubucen jami'a daga fannoni daban-daban ta fitar da dangin kalmomi 570 da suka fi maimaituwa, ta kasa su rukuni goma, daga mafi yawan fitowa zuwa mafi ƙaranci. Kalmomi ne irin su assume, derive, establish, significant. Ba su da ƙyalƙyali, amma su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi goma cikin ɗari na kalmomin rubutun ilimi. Kyauta ake samun jerin a intanet. Ɗalibin da ya riƙe rukunan farko da kyau zai ga rubutun auna fahimta ya yi masa sauƙi, ko da ba a tambaye shi ɗaya daga cikinsu kai tsaye ba.

Karatu mai yawa shi ne kishiyar hadda ta kowace fuska. Yana da jinkiri, ba a iya ƙirga ribarsa a ƙarshen yini, amma abin da ya shiga ta hanyarsa yana zama, kuma yana shigowa da abokan tafiyarsa. Wanda ya saba karanta labaran kotu ba sai an gaya masa ba, ya san cewa alƙali kan adjourn zama, ya san wanda aka wanke akan ce an yi masa discharged and acquitted. Wannan shi ne ainihin abin da tambayoyin cike gurbi ke nema, domin rubutun kan ɗauko wani fanni ne, shari'a ko banki ko noma ko asibiti, kuma zaɓi huɗun duk kan yi kama da juna a ma'ana. Guda ɗaya ce kawai mutanen fannin ke faɗa. Ƙamus ba ya koyar da wannan da sauri. Kunne da ido ne ke koyarwa.

Sai dai shawarar "je ka yi ta karatu" takan cuci ɗalibi in ba a faɗa masa me zai karanta ba. Paul Nation, wanda shi ma ya koyar a jami'ar ta Wellington kuma ya shafe rayuwarsa yana nazarin koyon kalmomi, ya nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma kaiwa wannan matsayi a rubutun Turanci na yau da kullum na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kashi 98 na nufin baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. A shafi mai kalmomi 300, shida ke nan. Wannan awo ne da kowa zai iya yi da kansa: buɗe shafi, ƙirga waɗanda ba ka sani ba. In sun kai ashirin ko talatin, littafin ya fi ƙarfinka a yanzu, kuma ba za ka iya hasashen ma'ana daga jimla ba tunda jimlar kanta duhu ce. In babu ko ɗaya, hira kake yi, ba koyo ba. Na sha ganin an miƙa wa yaron da ke fama da jaridar yau wani tsohon littafin adabin Ingila na ƙarni na sha tara, wai don Turancinsa ya nuna. Shafi uku yake yi ya ajiye, daga nan kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai karatu ba ne.

Ga mai jin Hausa akwai wata dama da ba a cika amfani da ita ba. Babban labarin duniya na yau, za ka same shi a shafin BBC Hausa ko Aminiya, ka kuma same shi da Turanci a BBC ko Daily Trust. Fara da na Hausa har ka san abin da ya faru, sannan ka koma na Turanci. Tunda ka riga ka san zancen, baƙin kalmomin za su riƙa buɗe kansu. Bayan labarai, a matsa zuwa sharhin edita, domin can ne ake samun kalmomin muhawara irin na rubutun auna fahimta. Gargaɗi ɗaya: Turancin da muke yi a Najeriya yana da nasa al'adun da jarrabawa ba ta karɓa. Da yawa kan rubuta severally suna nufin sau da yawa, alhali a daidaitaccen Turanci tana nufin kowa daban-daban. Don haka a riƙa haɗawa da rubutun waje. Littafin labarin da JAMB ta zaɓa kuwa, a karanta shi gaba ɗayansa, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin titi ba. Tambayoyi goma ne a kansa, ga kuma kalmomin da za a tsinta a hanya.

Tambayoyin shekarun baya su ne na fi ba wa ƙarfi in lokaci ya ƙure, ba don ana maimaita su baki da baki ba, sai don su ne kaɗai ke nuna maka matakin kalmomin da hukumar ke so da irin tarkon da take ɗanawa. JAMB na shirya jarrabawa tun 1978, saboda haka tarin yana da yawa. Amma yadda akasari ake amfani da su ɓarna ce. Ɗalibi ya amsa, ya duba bayan littafi, ya ga C ce, ya ce "na ci" ko "na faɗi", ya wuce. Tambaya ɗaya ta neman kishiya tana ɗauke da kalmomi biyar: wadda aka ja wa layi da zaɓi huɗu. Ukun da ba su ne amsa ba, ba a banza aka zuba su ba, daga rumbu ɗaya aka ɗebo su, kuma wadda ta zo a matsayin tarko bana tana iya zama abin tambaya baɗi. Wanda ya bi kowace ɗaya ya san dalilin da ya sa ba ita ba ce, ya ci riba ninki biyar a kan mai duba harafi.

Abu na biyu, kada a ɗauki amsoshin bayan littafi tamkar yankan wuƙa. 'Yan kasuwa ne ke buga yawancin waɗannan littattafai, kuma kuskure na shiga, wani na bugu, wani na wanda ya warware. In amsar ta saɓa wa ƙamus, ƙamus ne mai gaskiya. Raunin wannan hanya shi ne ƙunci: tana shirya ka wa jarrabawa ɗaya, ba ta ba ka Turancin da za ka zauna da shi a aji ɗaya na jami'a, inda malami zai yi ta zuba bayani awa biyu ba mai fassara maka.

Tunda an ambaci ƙamus, a nan ma akwai zaɓi. Na Turanci zuwa Hausa yana da sauri, kuma ba laifi ba ne ga mai farawa. Amma tambayar jarrabawa Turanci ce zuwa Turanci, kuma kalmomi uku mabambanta kan faɗo a kan kalmar Hausa ɗaya, sai bambancin da ake tambaya a kai ya ɓace. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, yana bayani da sauƙaƙan kalmomi, yana kawo jimlolin misali, yana nuna gaɓar da ake dannawa wajen furuci. Wannan na ƙarshen ma maki ne, tunda sashen furuci na da tambayoyi goma. Duka ukun suna da shafukan da ake dubawa kyauta.

Kati ba hanyar samo kalmomi ba ce, hanyar riƙe su ce, kuma rashin gane wannan ne ke sa a yi ta gardamar wacce ta fi tsakaninta da karatu. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta rage sauri, kuma kowace bita na ƙara tsawon lokacin da abu zai zauna. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san wannan ba tare da sunan Bajamushe ba: ba a wanke allo a ce an gama, tilawa ce ke tsare hadda, kuma inda ya fi kufcewa can ake yawan komawa. A farkon shekarun 1970 wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, ya mayar da abin tsari mai sauƙi na akwatuna.

Ga yadda yake a aikace. Samo kwalin sabulu ko na taliya, ka yayyanka shi girman katin waya. A gaba ka rubuta jimlar da ka tsinci kalmar a cikinta, ka ja mata layi. Jimlar, ba kalmar ita kaɗai ba. A baya ka rubuta ma'anarta da sauƙin Turanci, kalma ɗaya mai kusa da ita, kishiyarta ɗaya, ka sa alama a gaɓar da ake dannawa. Ambulan uku sun isa a madadin akwatunan. Na farko kullum ake buɗe shi, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko ko da ya kai na uku. Sharaɗin shi ne ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya katin. In ka juya ka ce "ai na sani", kanka ka yaudara, domin gane abu in an gan shi daban, tuno shi daban.

Manhajar Anki wannan aikin take yi, ita ke lissafa ranar da kowane kati zai dawo. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, ana biya a iPhone, kuma tana aiki ko babu data. Ta fi kwali tsari in katunan sun kai ɗaruruwa. Duk da haka, ga ɗan sakandare na fi son kwali. Ba ya bukatar caji, ba a ƙwace shi a makarantar kwana, rubutawa da hannu ma bita ce, kuma ba a taɓa buɗe ambulan a tsinci kai a TikTok ba. Wanda ya zaɓi waya, ya guji sauke katunan da wani ya shirya. Rabin amfanin yana cikin shiryawar.

Saiwa da ɗafi ba sa bukatar dogon bayani. Manyan kalmomin Turanci da yawa daga Latin da Girkanci suka fito, don haka wanda ya san bene alheri ne, mal sharri, zai rarrabe benevolent da malevolent ko bai taɓa ganinsu ba. Mako biyu sun isa a koyi waɗanda suka fi yawo. Makami ne na hasashe in an rasa mafita, ba abin dogaro ba, kuma yana harbin mai shi: invaluable ba marar daraja ba ce, mai matuƙar daraja ce, kuma irinta masu shirya tambaya ke nema da fitila.

To wa zai ɗauki wacce? Ɗan aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, wanda ke da shekara ko fiye, karatu ne jarinsa. Rabin awa kullum a kan abin da ya dace da matakinsa, ya fitar da kalmomi biyar zuwa kati, ya bar tambayoyin baya sai ya shiga aji uku. Kalma biyar a rana ta haura 1,800 a shekara, kuma babu haddar wata ɗaya da za ta kamo wannan. Wanda ya rage masa wata uku ko ƙasa da haka, ya juya tsarin: tambayoyin baya su zama tushe, duk kalmar da ta ba shi wuya ta shiga kati, rukunan farko na jerin Coxhead su cike giɓi, karatu ya tsaya a kan littafin hukumar da sharhin jarida guda a rana. Mai sake zama bayan ya faɗi bara, kafin ya sayi komai ya zauna ya amsa takarda ɗaya da agogo a gabansa ya ga inda makin ke zubewa. Sau da yawa ba ƙarancin kalmomi ba ne, jinkirin karatu ne, kuma maganin wannan ba ya cikin kati.

Mai haɗa JAMB da WAEC ko NECO a shekara ɗaya, ko ɗan'uwanmu na Gana mai zaman WASSCE, yana da ƙarin nauyi, domin can akwai insha'i da taƙaitawa, inda za a ga ko ya iya amfani da kalmar ba gane ta kawai ba. A nan haddar jeri takan zama illa. Yaro ya cusa kalma mai gaɓa biyar inda ba gurbinta ba don ya burge mai duba takarda, a ja mata jan biro. Haka abin yake ga mai neman IELTS, jarrabawar auna Turanci ta ƙasa da ƙasa, inda yalwar kalmomi da dacewarsu ke cikin ma'aunai huɗu na rubutu da na magana. Irin waɗannan ɗalibai su ƙara mataki ɗaya: duk katin da ya kai ambulan na uku, a gina sabuwar jimla da shi, a nuna wa malami. Mai shirin SAT kuwa, tambayoyi 54 zai amsa cikin minti 64 a sashen karatu da rubutu, kowace da ɗan gajeren rubutunta, don haka ya nemi gwajin da College Board ke bayarwa kyauta a manhajar Bluebook da darussan Khan Academy, ya bar tambayoyin JAMB ga masu JAMB.

Mako biyu kafin ranar jarrabawa, kowace hanya aka bi, a daina ƙara sababbin kalmomi. A zazzage ambulan na farko da na biyu har su koma na uku, sauran lokacin a ba wa gwaji a kan kwamfuta da agogo, musamman ga wanda bai saba karanta dogon rubutu a fuskar kwamfuta ba.